Soichiro Honda: Ɗan Maƙerin da Sunansa Ke Jikin Babur

'Yan uwa ɗalibai, kusan kowa a cikinmu ya san Honda a matsayin sunan babur ko mota, amma ba kowa ya san cewa sunan mutum ba ne. A wannan makon mun kawo muku tarihin mai sunan.

An haifi Soichiro Honda ranar 17 ga Nuwamba, 1906, a ƙauyen Komyo kusa da garin Hamamatsu a ƙasar Japan. Babansa maƙeri ne kuma yana gyaran keke, babarsa kuma masaƙiya ce. Tun yana ƙarami yake taya babansa aiki, karatun boko kuwa bai dame shi ba. Yana ɗan shekara 15, wato sa'an wasu 'yan aji uku, ya tafi birnin Tokyo ya zama yaron gareji a wani wuri mai suna Art Shokai. Abin dariya, a watannin farko ba gyaran mota aka sa shi ba, rainon jaririn maigidansa aka ba shi. Ya haƙura ya zauna. Bayan shekara shida, a 1928, maigidan ya yaye shi, ya koma Hamamatsu ya buɗe reshen garejin.

Wurin da ya fi burge mu a tarihinsa shi ne maganar ringin fistan. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu gyaran babur a Dutse ya san idan ringi ya cinye, babur sai ya dinga hayaƙi yana shan baƙin mai. A 1937 Honda ya kafa kamfanin yin ringi, yana ganin tunda ya iya gyara, ƙerawa ba za ta gagare shi ba. Ya kai wa kamfanin Toyota guda 50 don a gwada, uku kacal suka ci. Ashe bai san yadda ake haɗa ƙarfe ya yi ƙwari ba, kuma wannan ba a koyonsa da sifana. Sai ga mai kamfani, ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya koma makarantar fasaha ta Hamamatsu yana zama a aji da yara. Bai karɓi takardar shaida ba don ba ya zana jarrabawa (malamanmu, ba zuga kowa muke yi ba), amma ya koyi abin da ya je nema, daga baya Toyota ta riƙa sayen ringinsa.

Lokacin yaƙin duniya na biyu bam ya lalata masana'antarsa ɗaya a 1944, girgizar ƙasa ta rushe ɗayar a 1945. Ya sayar wa Toyota abin da ya rage. Bayan yaƙi mutanen Japan suna fama da wahalar abin hawa, shi ne a 1946 ya sayi ƙananan injinan da sojoji suka bari, yana ɗaura su a jikin keke. Daga nan aka fara. Ya kafa kamfanin Honda a 1948, a 1949 ya fitar da cikakken babur mai suna Dream. A shekarar ya haɗu da Takeo Fujisawa, wanda ya riƙe harkar kuɗi da kasuwa, shi kuma Honda ya tsaya wajen inji.

A 1958 suka fitar da Super Cub, ƙaramin babur da ba ya buƙatar matsa kuloci da hannu. Zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Sai CB750 mai silinda huɗu a 1969, da CG125 a 1975, wanda aka yi musamman don ƙasashe irin namu, inda hanya ba kwalta kuma ba kullum ake yin sabis ba. A Najeriya ma kamfanin yana da masana'anta a Ota, Jihar Ogun.

Yau Boxer ta Indiya da baburan China sun fi yawa a hanyar Kiyawa da kasuwar Shuwarin. Tsohuwar Honda kuwa, sai ka gan ta jingine a soro ko an sayar wa 'yan gwangwan, alhali a Amurka da Turai akwai masu neman irinsu, musamman CB750 ta farko, su gyara su ajiye a matsayin kayan tarihi.

Honda ya yi ritaya a 1973 tare da Fujisawa. Ya mutu a Tokyo ranar 5 ga Agusta, 1991, yana da shekara 84.