Salahuddin Al-Ayyubi: sarkin da ya gina ganuwa bai zauna a cikinta ba

Duk wanda Allah ya kai shi birnin Alƙahira, ɗalibin Azhar ne ko ɗan kasuwa, da wuya ya dawo gida bai hau tudun Muƙaɗɗam ya ga ganuwar nan da ake kira Ƙal'atul Jabal ba. Da ka shiga, abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne wani ƙaton masallaci mai ƙubbobi. To wannan na Muhammad Ali ne, a 1830 aka fara shi. Mai ganuwar kuwa, Salahuddin Yusuf ɗan Ayyuba, ya riga shi da shekara ɗari shida da 'yan kai.

Bakurde ne, an haife shi a Tikrit ta ƙasar Iraƙi wajajen 1137. Ya tashi a Sham, ya yi aiki ƙarƙashin Sarki Nuruddin Zanki. Ƙanen mahaifinsa, Shirkuh, shi ya tafi da shi yaƙi Masar. Da Shirkuh ya rasu a 1169 sai aka naɗa shi waziri, bai fi shekara talatin da biyu ba. Bayan shekara biyu ya kawo ƙarshen daular Faɗimiyya, huɗuba ta koma da sunan halifan Bagadaza.

Mulki fa ba a kwana da ido biyu rufe. Ga mayaƙan Turai 'yan Salibiyya sun kafu a Falasɗinu, ga magoya bayan tsohuwar daula a cikin gida, sau biyu kuma ana kai masa hari da wuƙa a Sham Allah yana kuɓutar da shi. Shi ya sa a 1176 ya sa aka fara gina ganuwar a kan tudu, inda ake hangen birnin gaba ɗaya. Hadiminsa Ƙaraƙush ne ya tsaya kan aikin. An kwaso duwatsu daga ƙananan dalolin Giza, fursunonin yaƙi kuma suka yi dakon su. Don kada ƙishirwa ta ci mutane idan abokan gaba sun yi musu zobe, sai aka fafe dutse aka haƙa rijiya mai zurfin kusan mita 90, shanu suna juya na'urar jawo ruwa. Har gobe tana nan, ana ce mata Rijiyar Yusuf.

Sai dai mai ginin bai ga ƙarshensa ba. A 1182 ya bar Masar, bai sake komawa ba. A watan Yuli na 1187 ya ci nasara a yaƙin Hiɗɗin, a watan Oktoba ya karɓi birnin Ƙudus bayan shekara 88 a hannun Turawa. Lokacin da suka ci birnin a 1099 sun yi wa mutane kisan gilla. Shi kuwa ya karɓi fansa ya bar su suka fita da ransu, talakawa da dama ma kyauta aka sake su. Daga baya ya gwabza da Sarkin Ingila Richad, har suka yi sulhu a 1192.

Ya rasu a Dimashƙa ranar 4 ga Maris, 1193. Da aka duba taskarsa, abin da aka samu bai isa a yi masa sutura ba, duk ya rabar. Ɗan ɗan'uwansa Al-Kamil shi ya fara tarewa a ganuwar wajajen 1207, daga nan ta zama fadar masu mulkin Masar kusan shekara 700. Ko Mansa Musa na Mali, a hanyarsa ta aikin hajji a 1324, can ya hau ya gana da sarki.

Jama'a, mu da muke ganin yadda wasu ke fara gina gidan kansu ranar da suka hau kujera, ya kamata yaranmu su san wannan bawan Allah. Ya mallaki Masar da Sham, amma kuɗin jana'izarsa sai da aka ranto. Allah ya jiƙansa da rahama.