Alhaji Umaru Salaga: Ɗan Gudun Hijirar da Ya Zama Limamin Kete-Krachi



'Yan uwa, tun watan Satumba na 2025, lokacin da gwamnatin Gana ta karɓi wasu 'yan Afirka ta Yamma da Amurka ta koro, daga baya kuma lauyoyinsu suka ce an tsallakar da wasu daga cikinsu zuwa nan Togo ba da son ransu ba, zancen kora da neman mafaka bai bar bakin jama'a ba a ƙofar masallatanmu na Avédji. Wani ya ce kowace ƙasa tana da ikon rufe ƙofarta. Wani ya ce to wa za a tambaya idan an jefar da bawan Allah a ƙasar da ba shi da kowa? Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin wani malami wanda ya ɗanɗani gudun hijira da ƙafarsa, kuma da yawa daga cikin malaman zangunanmu, idan aka bi salsalar karatunsu, sai an tarar da shi a ciki.

Sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. An haife shi a Kano wajen shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa a littattafansa ake jingina shi ga Kabi da Kano da Salaga gaba ɗaya. A Gana an fi saninsa da Imam Imoru. Mahaifinsa falke ne mai fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, tafiyar da ke cin watanni, ayari yana tafe da jakuna a ƙarƙashin madugu, ana kai kanwa da tufafi da kayan fata, a komo da goro. Umaru ya sauke Alƙur'ani a Kano, ya fita neman ilimi ƙasashen Kabi da Gobir, ya kuma bi hanyar fatake ya ga Dandi da Mosi da Gurunsi. Yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, wajen 1877, ya wallafa littafinsa na farko da Larabci, As-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, wanda ke koyar da yadda ake rubuta wasiƙa zuwa ga sarki da malami da aboki. Kada ɗalibi ya raina wannan fanni. A wancan zamani wasiƙar malami ko ta sarki ita ce takardar tafiyar matafiyi, da ita ake buɗe masa zaure a garin da ba a san ubansa ba.

Daga baya ya zauna a Salaga yana karantarwa. Salaga ita ce babbar kasuwar Gwanja, inda goron Tonawa, wato Asante, yake haɗuwa da fataken Hausa da Barebari da Wangarawa da Yarbawa. Ba za mu ɓoye ba, kasuwar bayi ce kuma, kuma Musulmi suna cikin masu saye da sayarwa. Garin baƙi ne, sarauta kuwa tana hannun 'yan ƙasa a Kpembe, ɗan nesa kaɗan da kasuwar. Tun 1874, da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, su kuma suka karkatar da goro zuwa Kintampo da wasu kasuwanni, arzikin garin ya fara ja da baya. A nan Salaga ne Umaru ya san wani Bajamushe matafiyi, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa, ya rubuta masa labarai da Hausa cikin ajami.

A ƙarshen 1892 rikicin gadon sarautar Kpembe ya zama yaƙi. Kabachewura Isifa ya samo taimakon Dagombawa da Nanumba, ya kori Kpembewura Napo, aka washe Salaga. Baƙi ba su da hannu a rabon sarautar, amma gidajensu da dukiyarsu ne suka tafi. Jama'a ta watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu har bakin teku. Malam Umaru yana cikin waɗanda suka fita, kuma ƙarshen tafiyarsa ya zama Kete, zangon fatake da ke gefen garin Krachi a bakin kogin Volta.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin nan ne tarihin yake da nauyi. Mutanen Krachi ba Musulmi ba ne. Suna da tsafi mai suna Dente wanda ake jin tsoronsa a duk yankin, kuma mai kula da tsafin, Dente Bosomfo, shi ne mai faɗa a ji a harkar mulki da ciniki. Duk da haka ƙasarsu ce ta ɗauki waɗanda suka gudo daga Salaga, har Kete ta cika ta batse cikin ɗan lokaci. Wanda ya karanta sira ba zai yi mamaki ba, tunda mafakar farko da sahabbai suka samu a Habasha suka same ta, wurin Najjashi, wanda ya ƙi miƙa su ga manzannin Ƙuraishawa sai da ya saurari bakinsu. Aya ta 6 a Suratut Tauba kuma ta ɗora mana irin wannan nauyi a kan mushirikin da ya nemi mafaka wurinmu: a ba shi, sannan idan zai tafi a kai shi inda zai aminta. Ba a ce a kai shi bakin iyaka a juya ba.

Sai dai zaman bai yi daɗi ba. Fatake suna kukan haraji da tsangwama daga wajen Dente Bosomfo, 'yan ƙasa kuma suna ganin baƙi sun yi yawa, sun riƙe kasuwa. Wannan magana mun san ta, har yau ita ake yi, sunayen garuruwa ne kawai suke sauyawa. Jamusawa, waɗanda suka kafa tutarsu a bakin tekun Togo tun Yuli 1884, suna neman hanyar shiga arewa. Koke-koken fatake suka zama musu tsani. A 1894 suka kama Dente Bosomfo suka harbe shi, suka kafa barikinsu a Kete-Krachi. Mutanen zango sun sami sauƙi, gaskiya ne. Amma a ganinmu sauƙi ne mai tsada, domin wanda ya raba faɗan bai koma gida ba, ya zauna ya mallaki mai gida da baƙonsa duka, kuma daga ranar tsaron baƙo ya rataya ga bindigar Bature maimakon amanar maƙwabci.

A ƙarƙashin wannan mulki Malam Umaru ya zama limami. An ruwaito cewa da gardama ta tashi a kan limancin Kete, jami'in Jamus na barikin, Graf von Zech, ya sa aka gwada masu nema da karatun ƙamus na Larabci, Malam Umaru ya yi fice, aka ba shi. Wannan Zech shi ne ya zama gwamnan Togo daga baya, ya zauna a fadar nan ta bakin teku da ake kira Palais de Lomé yanzu. Wani jami'in kuma, Adam Mischlich, ya zauna gaban Malam ya koyi Hausa, ya roƙe shi ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da al'adunsu da sana'o'insu. Mischlich ya buga ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma buga wasu rubuce-rubucen Malam a Berlin. Wani ɓangare na abin da masana ke faɗa yau game da noma da rini da fatauci a ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 yana da tushe a waɗannan takardu da aka rubuta a Togo ta Jamus.

Akwai masu ganin wannan kusanci da Nasara aibi ne a gare shi. Mu dai abin da muka lura shi ne kusancin bai rufe masa baki ba. Wajen 1899 da 1900 ya yi ƙasidu biyu na Larabci a kan zuwan Turawa, a 1903 kuma ya yi Waƙar Nasara da Hausa. Ya bayyana yadda suka shigo da lallami da sunan ciniki, sannan suka juya suka ci ƙasa, ya bi garuruwa da sarakuna yana lissafa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai ajiye shaida don ranar shari'a. Ku tuna abin da idonsa ya gani. A zamaninsa kora ita ce makamin mai mulki: Faransa ta kai Behanzin na Dahomey tsibirin Martinique a 1894, Ingila ta kama Prempeh na Asante a 1896 ta ƙare da kai shi Seychelles, aka kai Samori Gabon ya rasu can a 1900. A 1903 garin haihuwarsa Kano ya faɗi a watan Fabrairu, aka kama Sarki Alu aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja inda ya rasu. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, aka bi shi har Burmi aka kashe shi a watan Yuli na shekarar. Duk waɗannan babu wanda aka tsayar gaban alƙalin ƙasarsa.

Abin da ya fi burge mu shi ne bai tsaya kan Turawa kaɗai ba. A ƙasidarsa Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan ya koma kan Salaga, ya ɗora alhakin rushewarta a kan lalacewar mulki da lalacewar halin mutanenta, ciki har da Musulmin garin. Mutumin da aka kora daga gidansa yakan ga laifin kowa ban da nasa, shi kuwa ya haɗa da jama'arsa. Da wani mai da'awar Mahadiyya ya ɓullo a yankin wajen 1904 yana ruɗar talakawa, ya yi masa raddi a rubuce. Ya yi waƙar Talauci da Wadata a kan yadda ake wulaƙanta marar shi ko da yana da gaskiya, ya yi wata a kan annobar murar 1918. Ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa.

A 1913 ya tafi aikin Hajji. Masu tarihinsa sun ce a can ya sadu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda shi ma ɗan gudun hijira ne har sau biyu: ya gudo daga Faransawa zuwa ƙasar Sakkwato, bayan Burmi kuma ya wuce Madina. A watan Agusta 1914 Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina, kusa da Atakpamé, aka kwashe su a matsayin fursunoni. Da aka raba Togo, Kete-Krachi ta faɗa rabon Ingila, Lome kuma ta koma hannun Faransa a 1920. Malam bai motsa daga gidansa ba, amma ƙasar da ke ƙarƙashin tabarmarsa ta sauya masu ita. Ya ci gaba da karantarwa, ɗalibai suna zuwa daga zanguna na nesa, har Allah Ya karɓi ransa a Kete-Krachi a 1934.

Bai ga abin da ya sami jikokin ɗalibansa ba. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956 yankin ya shiga Gana. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya fita. Dubban ɗaruruwa suka fita, cikinsu har da mutanen zango da aka haifa a Kumasi da Accra, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba. Da yawa ta Aflao suka biyo, dattawanmu sun gan su da kaya a ka. Wata biyu kacal kafin nan, a Satumba 1969, ƙasashen Afirka suka amince a Addis Ababa da yarjejeniyar kare 'yan gudun hijira, amma ita ta shafi wanda ya gudo daga yaƙi ko zalunci ne, ba ta rufe ɗan zangon da laifinsa kawai rashin takarda ba. A Janairu 1983 Najeriya ta yi irin nata a zamanin Shagari, ta ba da mako biyu, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka kamo hanya, alhali iyakar Gana tana rufe, mutane suka yi kwanaki a sarari a kan iyakoki da tashoshin jirgin ruwa kafin a buɗe. Wannan kuwa bayan ECOWAS ta sa hannu a 1979 kan yarjejeniyar zirga-zirga da ta ba ɗan yankin kwana 90 ba tare da biza ba. Mu ma a nan Lome ba a bar mu a baya ba: a 1977 aka rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar gari aka mai da mutanensa can arewa, bayan gari, zangon da fataken hanyar Salaga suna cikin waɗanda suka kafa shi.

Ita kanta tsohuwar Kete ba ta tsira ba. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya tashi mutane wajen 80,000 daga gidajensu, ruwa ya cinye tsohon garin, aka sake gina Kete-Krachi a kan tudu. A cikin shekarun nan na 1960 ne Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi malaman zanguna gida gida tana ɗaukar hoton littattafan da ke hannunsu, aka tarar rubuce-rubucen Alhaji Umaru suna cikin waɗanda suka fi yawa, ɗalibai sun kwafe su da hannu sun adana a cikin gafaka. Suna can Legon har yau, tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota daga Aflao, ga ɗalibin da ya iya Larabci da ajami.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.