Alhassan Ɗantata: Attajirin da ya ɗora yaransa a kan kasuwa

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, kuma ya tashi maraya. Da fataucin goro daga Gwanja ya fara, kafin Niger Company ta ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa a 1918.

Yakan danƙa wa yaransa jari bisa amana, su bazu ƙauyuka su sayo gyaɗa, su sami la'adarsu. Masu jakuna, 'yan dako da masu jera buhuna a dala duk sun ci abinci a nan, wasu yaran har suka tsaya da ƙafarsu.

An fi yayata labarin raƙuma 20 na azurfa da ya kai banki a 1929, amma ba a cika ƙirga waɗannan mutanen ba.

Ya rasu a Kano a 1955.