Carl Linnaeus: Ɗan limamin da ya raɗa wa kuka da tsamiya sunan boko

Duk wanda ya ɗauki hoton ganye da wayarsa ya tura wa manhajar iNaturalist ko Pl@ntNet, amsar da ƙirƙirarriyar basira za ta ba shi kalmomi biyu ne na Latinanci. Wannan tsarin suna ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya kafa shi a ƙarni na 18.

An haife shi ranar 23 ga Mayu, 1707, a ƙauyen Råshult da ke kudancin Suwidin. Mahaifinsa limamin coci ne mai sha'awar lambu, kuma a wurinsa yaron ya fara koyon sunayen tsirrai. Iyayensa sun so ya gaji limanci, amma ya zaɓi likitanci, ya yi karatu a jami'o'in Lund da Uppsala. A 1732 ya yi doguwar tafiya zuwa yankin Lapland a arewa mai sanyi, yana rubuta abin da ya gani na tsirrai da dabbobi da rayuwar al'ummar Sami. A 1735 ya tafi Holan, ya karɓi digirin likita, ya kuma wallafa bugun farko na Systema Naturae.

A wancan zamani sunan tsiro ɗaya kan kai jimla guda, kowane masani da irin tasa. Linnaeus, wanda ya zama farfesa a Uppsala a 1741, ya daidaita lamarin: kalma ta farko ta dangi, ta biyu ta nau'i. Littafinsa na 1753, Species Plantarum, ya jera tsirrai kusan 6,000 a kan wannan tsari, kuma bugu na goma na Systema Naturae a 1758 ya yi wa dabbobi haka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yakan fita da jama'a masu yawa daji a kewayen Uppsala don tattara tsirrai, ya kuma aika ɗalibansa nahiyoyi daban-daban. Wasunsu ba su dawo ba: Pehr Forsskål ya rasu a Yaman a 1763. Shi kansa Linnaeus bai taɓa barin Turai ba. Abin da ya sani game da Afirka ya same shi ne ta hanyar busassun ganyaye da wasiƙu, galibi a jiragen ruwan fatauci da mulkin mallaka.

Alamar hakan tana cikin sunayen. Kuka, wadda kakanni suka daɗe suna miya da ganyenta, ya kira ta Adansonia digitata, don girmama Bafaranshe Michel Adanson da ya gan ta a Sanagal. Tsamiya, wadda asalinta Afirka ne, ya ba ta Tamarindus indica, wato ya jingina ta ga Indiya. Ɗaya daga cikin lokuta ƙalilan da sunan baƙin mutum ya shiga kundinsa shi ne Quassia amara, itacen magani da ya raɗa wa sunan Kwasi, mai maganin gargajiya da aka kai Suriname a matsayin bawa.

Tabo mafi muni a aikinsa ya shafi ɗan Adam. Ya kasa mutane gida huɗu bisa nahiya da launin fata, kuma a bugun 1758 ya liƙa wa kowane rukuni halaye, inda ya ba mutanen Afirka na ƙasƙanci. Masu wariyar launin fata sun jingina da wannan rabe-rabe shekaru aru-aru.

Sarki ya ba shi sarauta, ya koma Carl von Linné. Ya rasu a Uppsala ranar 10 ga Janairu, 1778. Wani Baturen Ingila, James Edward Smith, ya sayi tarin tsirransa da littattafansa, waɗanda har yau suke ajiye a Landan.

Gadon da ya bari yana da amfani ga masu binciken halittu na yau, haka ma gurgunta da ke cikinsa. Manhajojin zamani suna koyo ne daga hotuna da muryoyin da jama'a suka tura. iNaturalist ta fara gane halittu daga hoto a 2017, Merlin kuma ta fara gane kukan tsuntsaye a 2021. Mafi yawan bayanan sun fito daga Turai da Arewacin Amurka, don haka na'urar ta fi ƙwarewa a can, tana lalube a yankin Sahel, inda kwararowar hamada da sare itatuwa ke cinye daji. Nau'in da ba a rubuta ba, wuya ne a tilasta wa gwamnati kare shi. Ayyuka irin na taswirar tsuntsayen Najeriya, da cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta tare da matasa 'yan sa-kai, suna cike wannan giɓi. Bambancin zamanin Linnaeus da na yanzu shi ne, mazauna wurin suna da damar shigar da abin da suka gani da kansu, tare da sunan da suka gada.