Karl Landsteiner: Likitan da ya gano sirrin rukunin jini

Duk wanda ya taɓa kai mai haihuwa ko yaro mai ciwon sikila asibiti ya san tambayar farko idan ana neman jini: wane rukuni ne? Wannan tambaya ta samo asali ne daga aikin Karl Landsteiner, likita ɗan ƙasar Ostiriya.

An haife shi ran 14 ga Yuni 1868. Mahaifinsa ɗan jarida ne, ya rasu Karl na da shekara shida. Ya gama karatun likitanci a jami'ar birnin Biyana a 1891, sannan ya tafi Jamus da Suwizalan ya koyi ilimin sinadarai, ciki har da wurin Emil Fischer. Wannan ilimi ne ya bambanta shi da sauran likitoci.

A lokacin, ƙarin jini caca ne: wani ya tashi, wani ya mutu, ba a san dalili ba. Landsteiner ya ɗebi jininsa da na abokan aikinsa, ya raba jajayen ƙwayoyin da ruwan jinin, ya riƙa gauraya na wannan da na wancan. Sai ya ga wani haɗin yana curewa ya yi gudaji, wani kuwa ba ya yi. A 1901 ya bayyana rukuni uku, waɗanda yau ake kira A, B da O. Shekara guda bayan nan abokan aikinsa suka gano AB.

Sirrin yana jikin siririyar fatar da ta lulluɓe kowace jar ƙwaya. Tana ɗauke da alamomi, idan garkuwar jiki ta ga baƙuwar alama sai ta far wa jinin da aka ƙara. Don ya fahimci yadda take tantancewa, ya shafe shekaru yana liƙa ƙananan sinadarai a jikin furotin yana yi wa dabbobi allura. Ya nuna cewa canji ɗan kaɗan a siffar sinadarin ya isa jiki ya gane bambanci.

Bai tsaya kan jini kawai ba. A 1908, shi da Erwin Popper sun sanya wa birai cutar shan inna, abin da ya nuna cewa ƙwayar bairos ce ke haddasa ta.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya talauci ya addabi Biyana, bincike ya gagara. Yana da shekara hamsin da ƴan kai ya bar gida, ya zauna Holan, daga nan ya wuce Cibiyar Rockefeller ta New York a Amurka. Can ya gano rukunan M, N da P tare da Philip Levine a 1927, ya sami kyautar Nobel a 1930. A 1940 shi da Alexander Wiener suka bayyana alamar Rh, wadda ke sa a ce jini fozitif ne ko negatif. Daga baya masana sun tabbatar cewa M, N da Rh suna kan furotin da ke dashe cikin fatar ƙwayar.

Ciwon zuciya ya same shi yana bakin aiki a ɗakin bincike, ya rasu ran 26 ga Yuni 1943.

Tun 2004 ake bikin Ranar Masu Ba da Jini ta Duniya ran haihuwarsa. A Maraɗi, Damagaram ko Tawa, inda zazzaɓin damina ke ƙarar da jinin yara, gwajinsa ne ke sa leda guda ta zama ceto. Saura a samu mai miƙa hannu.