Otto Loewi (1873–1961): Likitan Da Ya Gano Yadda Jijiyoyi Ke Isar Da Saƙo

Duk ɗalibin harshe ya san cewa sadarwa ba ta cika sai da mai aikawa, da saƙo, da mai karɓa. Haka abin yake a jikin ɗan Adam. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma da wuya a sami wadda ke aiki ita kaɗai. A nan sai mai karatu ya yi hattara, domin kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini da agara da kuma zaren da ke ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Wannan ta ƙarshe ake nufi a wannan rubutu.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen ya nuna cewa ƙwayoyin nan ba a ɗinke suke da juna ba, kowace zaman kanta take yi. To, yaya saƙo yake tsallake ratar da ke tsakani? Yawancin masana sun ɗauka lantarki ne ke tsallakawa kamar tartsatsi. Wanda ya fara kawo hujjar cewa wani sinadari ne ke yin wannan aike shi ne Otto Loewi.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Otto Loewi ranar 3 ga Yuni, 1873, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, a gidan Yahudawa 'yan kasuwa. A sakandare ya sha Latin da Girkanci, kuma burinsa shi ne ya karanta tarihin zane-zane. Iyayensa suka ce sai likitanci. Ya bi umarninsu ya shiga Jami'ar Strasbourg a 1891, amma ya riƙa sulalewa daga darasin likitanci yana zuwa sauraron laccocin falsafa. Duk da haka ya kammala a 1896.

Bai daɗe a aikin asibiti ba. A Frankfurt ya ga yadda tarin fuka da ciwon huhu ke kashe mutane, likita na tsaye ba shi da abin ba su. Wannan ya sa a 1898 ya koma Marburg wajen Farfesa Hans Horst Meyer don nazarin yadda magunguna ke aiki a jiki. Daga baya ya je Landan ya yi 'yan watanni a ɗakin binciken Ernest Starling, inda ya haɗu da Henry Dale, wanda ya zama amininsa har ƙarshen rayuwa. A 1909 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Graz da ke Ostiriya.

Zukatan Kwaɗi Biyu

Shi da kansa ya ba da labarin cewa dabarar ta zo masa ne cikin barci, a daren bikin Ista. Ya farka, ya rubuta wani abu a 'yar takarda, ya koma ya kwanta. Da gari ya waye ya kasa karanta rubutun hannunsa. Kashegari da misalin ƙarfe 3 na dare tunanin ya dawo, sai ya tashi ya nufi ɗakin bincike. Ya ce a 1920 abin ya faru, amma masu tarihin kimiyya sun fi karkata ga 1921, shekarar da maƙalar ta fito. Labarin mafarkin ne ya fi yaɗuwa, sai dai kada a manta mutumin ya shafe shekaru yana aiki da zuciyar kwaɗo, kuma tun 1903 ya taɓa furta wannan hasashe ga wani masani ɗan Ingila, Walter Fletcher. Wanda bai taɓa riƙe kwaɗo ba, da wuya irin wannan mafarki ya zo masa.

Ga yadda gwajin ya kasance. Zuciyar kwaɗo tana ci gaba da bugawa bayan an cire ta, muddin an zuba mata ruwan gishiri da aka auna daidai. Loewi ya ciro zukata biyu. Ta farko ya bar ta da jijiyarta mai suna bagus, wadda aikinta shi ne rage saurin bugun zuciya. Ya tsokani jijiyar da lantarki na 'yan mintuna, zuciyar ta sassauta, abin da kowa ya riga ya sani. Sai ya ɗebi ruwan da ke cikinta ya zuba wa zuciya ta biyu, wadda aka raba ta da jijiyarta. Ita ma ta sassauta. Babu waya tsakanin zukatan biyu, ruwa kawai ya ratsa daga wannan zuwa waccan, don haka tilas jijiyar ta saki wani abu a cikin ruwan. Da ya tsokani jijiyar da ke ƙara sauri, ya sake ɗibar ruwan, zuciya ta biyu ta ƙara gudu.

Da yake bai san ko mene ne abin ba, sai ya raɗa masa suna da Jamusanci, Vagusstoff, wato abin jijiyar bagus. Masana ba su karɓa nan take ba, kuma suna da uzuri, domin da yawa sun maimaita gwajin bai yi ba. Daga baya aka fahimci cewa irin kwaɗon da kuma lokacin shekara suna da tasiri, kuma sinadarin yana lalacewa da wuri. Sai da Loewi ya je babban taron masana aikin jiki a Stockholm a 1926 ya yi gwajin a gaban idonsu.

Waken Kalaba

A nan ne Nijeriya ta shigo cikin labarin. A ƙasar Efik, wajen Kalaba, akwai wani wake mai guba da suke kira esere. A da akan ba wanda ake zargi da maita ya sha, in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu an ce ya tabbata mai laifi. 'Yan mishan na Sikotilan suka kai shi Edinburgh, kuma a 1864 aka fitar da sinadarin da ke cikinsa. Ɗaya daga sunayensa biyu shi ne eserin. Masu nazarin aron kalmomi su lura, kalmar Efik ce ta shiga ƙamus na magunguna ta zauna.

A 1926 Loewi da abokin aikinsa Ernst Navratil suka nuna cewa akwai wani sinadari a jiki da ke farfasa saƙon da zarar ya gama aikinsa, kuma eserin yana ɗaure wannan mai farfasawa, sai saƙon ya daɗe yana aiki. Da wannan da sauran gwaje-gwaje suka kafa hujja cewa Vagusstoff ba komai ba ne illa asetilkolin, sinadarin da Dale ya bayyana tasirinsa tun 1914. A 1929 Dale da Harold Dudley suka tsamo shi daga saifar doki da ta sa, aka tabbatar jikin dabba yana yin sa. A 1936 aka ba Loewi da Dale kyautar Nobel tare.

Amfanin wannan ilmi bai tsaya a Turai ba. Magungunan ƙwari irin su ota-fiya-fiya, da ake fesawa don sauro ko a zuba wa wake a ma'ajiya, daga Nassarawo har ƙauyukan da ke kewaye da Mubi, aikinsu ɗaya da na eserin. Suna hana share saƙo. Shi ya sa wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa yake dalalar da miyau, ya yi gumi, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya gagara. A asibiti akan yi masa allurar atirofin, wadda ke toshe wurin karɓar saƙon, kuma Loewi ya nuna cewa atirofin ba ya hana jijiya sakin saƙo, karɓarsa yake hanawa. Zaƙami yana ɗauke da sinadarai dangin atirofin, don haka mai shan sa bakinsa ke bushewa, zuciya ta yi gudu, hankali ya gushe. Ba makari ba ne, wata gubar ce ta daban.

Ba duk abin da Loewi ya hango ya zama daidai ba. Ya yi shakkar cewa jijiyoyin da ke motsa hannu da ƙafa suna amfani da sinadari, sai Dale da Wilhelm Feldberg da Marthe Vogt suka tabbatar da haka a 1936. Game da laka da ƙwaƙwalwa kuwa gardama ta ci gaba har 1951, lokacin da John Eccles, jagoran masu ra'ayin lantarki, ya yi gwajin da ya rushe ra'ayinsa na kansa. Su ma masu lantarkin ba su tashi a banza ba, domin a ƙarshen shekarun 1950 an gano wasu mahaɗar jijiyoyi da lantarki ke ratsawa kai tsaye, ko da yake su ne 'yan tsiraru.

Gudun Hijira da Rasuwarsa

A Maris na 1938 sojojin Hitler suka shiga Ostiriya. Aka kama Loewi tare da 'ya'yansa maza biyu don kawai su Yahudawa ne, yana ɗan shekara 64. Yana tsare ya nemi fensir da ɗan katin wasiƙa ya rubuta sakamakon wani bincikensa da bai buga ba, don gudun kada a kashe shi aikin ya ɓace. Bayan kimanin wata biyu aka sake shi, amma ba a bar shi ya fita ƙasar ba sai da ya mayar da kuɗin kyautarsa ta Nobel daga banki a Stockholm zuwa bankin da ke hannun 'yan Nazi. Ya isa Ingila hannu rabbana.

Ya ɗan koyar a Brussels, ya zauna a Oxford, sannan a 1940 ya koma Jami'ar New York a Amurka. Matarsa Guida ta iske shi a 1941, bayan ita ma an raba ta da dukiyarta. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1946, kuma ya ci gaba da bincike da zuwa cibiyar nazarin halittun ruwa ta Woods Hole duk bazara. Ya rasu a New York ranar 25 ga Disamba, 1961, yana da shekara 88.