Malam Abdullahi na Gwandu: Malamin da Ya Auna Duniya da Ma'aunin Lahira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya tsaya a bakin ruwa a Yelwa ko a Wara ya dubi Tafkin Kainji, maƙabarta yake kallo ko da bai sani ba. Da aka kammala madatsar ruwan a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da ƙauyuka da tsibirai, dubban mutane suka tashi suka bar kaburburan iyaye da kakanni a ƙarƙashinsa. A watan Mayun 2021 kuma jirgin ruwa ya kife kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, mutane masu yawa suka riga mu gidan gaskiya. Ka tambayi masunci a Shanga ko ɗalibi a Yauri ko waɗannan bayin Allah za su tashi, zai amsa maka nan take cewa Wanda Ya fare su Shi zai mayar da su, a ruwa suke ko a tudu. Wannan amsa daidai ce. Tambayar da ta fi ta nauyi ita ce: ina imanin nan yake zuwa ranar da duniya ta miƙo wa mutum hannu? Rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ƙasar Yauri ta kasance cikin yankin da aka damƙa masa, amsa ce ga wannan tambaya.

An haifi Abdullahi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wato wajen 1766. Mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa'u, kuma yayansa Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa. Da ya kai shekara 13 aka miƙa shi ga yayansa, wanda ya zame masa malami da uba. Ya kuma yi karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya saurari Sahihul Buhari a wurin Malam Muhammadu ɗan Raji. Shi da kansa ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a cikin littafinsa Ida'un Nusukh. Ya yi fice a nahawu da sarfu da tafsiri da fiƙihu, har aka san shi da gwanintar Larabci a duk ƙasar Hausa.

Zamanin da ya tashi, imani da tashin ƙiyama bai zauna daram a zukatan kowa ba. Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albab, ya ambaci wasu mutane da suke kiran kansu Musulmi, suna ayyukan Musulunci, amma suna musun cewa za a tayar da matattu. Saboda haka wa'azin da Shehu ya yi ta yawo da shi a Kabi da Zamfara da Gobir bai tsaya ga tsarki da salla ba. Yakan karantar da tauhidi, ya bayyana mutuwa da kabari da hisabi, da wuta da aljanna. Abdullahi yana tare da shi a waɗannan tafiye-tafiye, yana koyarwa, yana tsara waƙoƙi, yana mayar da martani ga malaman da suke sukar tafiyar. Yana nan a Magami wajen 1788, ranar Babbar Salla, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya raba wa malamai kyauta, Shehu ya ƙi karɓar zinariya, ya nemi a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ga yadda mai yaƙini da Lahira yake ciniki da sarki.

Da al'amari ya tsananta, jama'a ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Abdullahi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, ya zama wazirinsa. Shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a watan Yunin wannan shekara, aka yi nasara a kan Sarkin Gobir Yunfa. Shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a 1805. Amma ya ga ɗaya fuskar yaƙi. A Tsuntsuwa an rasa mutane kusan 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200, a Alwasa ma aka yi babban rashi. Abokan karatunsa na Ɗegel, waɗanda suka fito don neman yardar Allah, suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta yi musu marsiyya.

Daga nan ne jarrabawar da ta fi yaƙi ta zo. Nasara ta kawo ganima, ganima ta kawo sababbin mutane da sababbin buƙatu. Abdullahi ya lura cewa da yawa daga cikin mayaƙa hankalinsu ya koma ga dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai da neman sarauta. Ya ga mutanen da suke faɗin Lahira da baki, amma kasuwar duniya suke ci. A 1807, runduna tana kan hanyar Alƙalawa, sai ya sulale da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas, da niyyar zuwa Makka da Madina. Wazirin daula, kwamandan da ya ci Kwatto, ya bar komai a lokacin da rabonsa ya fi na kowa tsoka. Ya ba da labarin wannan damuwa tasa a cikin Tazyinul Waraƙat.

Bai wuce Kano ba. Jama'ar birnin, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, sannan ya koma wurin Shehu. A nan akwai darasi na biyu. Tsoron hisabi ne ya fitar da shi, tsoron hisabi ne kuma ya komar da shi, domin ya gane cewa malamin da ya gudu ya bar jama'a a hannun masu kwaɗayi, shi ma za a tambaye shi. A cikin littafin ya nuna cewa shugabanci amana ce da ake zaɓen wanda ya cancanta da ita, ya kuma yi kashedi kada a mayar da shi sarautar gado irin wadda aka yaƙa.

A 1812 Shehu ya raba kula da daula gida biyu. Gabas ta koma hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma kuma hannun Abdullahi. Yankin yamma shi ne ya bi kogin Kwara, ya haɗa da Kabi da hanyar Nufe, Gwandu ta zama cibiyarsa. Yauri, wadda Sarki Albishir ɗan Ayi yake mulki a zamanin jihadi, ta shiga amana, gidan sarautarta ya ci gaba da riƙe ƙasarsa a ƙarƙashin inuwar Gwandu. Duk da nauyin mulki, Abdullahi bai ajiye alƙalami ba. A waɗannan shekaru ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awil, daga baya ya taƙaita shi a cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan domin ɗaliban da ƙarfinsu bai kai ba.

Jarrabawa ta ƙarshe ta zo da rasuwar Shehu a watan Afrilun 1817. Mutane da yawa sun ɗauka Abdullahi ne zai gaje shi, don shi ne babba a shekaru da ilimi. Kafin ya iso Sakkwato an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma ruwaito cewa ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ya juya zuwa Gwandu da ɓacin rai, aka yi 'yan shekaru tsakaninsu ba daɗi. Yana da mabiya da dakaru, amma bai ɗaga takobi a kan ɗan ɗan'uwansa ba. Da tawaye ya taso a Kalambaina, Bello ya kawo masa ɗauki. Bayan nasara suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da wannan aka rufe ƙofar fitinar da za ta iya raba daular tun tana jaririya.

Bayan haka ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Buhari, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu kan gyaran zuciya. Cikin littattafansa akwai Sabilun Najat, da Maɗiyyatuz Zad ilal Ma'ad, wanda sunansa kaɗai wa'azi ne: abin hawan da ke ɗauke da guzuri zuwa makoma. Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1245 bayan Hijira, daidai da 1829, kabarinsa yana can.

Ya ɗan'uwa mai karatu, Malam Abdullahi mutum ne kamar kowa, ya yi fushi, ya ji ciwon abin da aka yi masa. Abin da ya bambanta shi shi ne duk lokacin da aka ɗora duniya a ma'auni, sai ya tuna da ranar da za a auna shi. Mu ma muna da namu ma'aunin. Akwai mudun da ake auna shinkafa da shi a kasuwar Yauri, akwai gadon marayu, akwai bashin da aka ci aka yi shiru, akwai jirgin da ake cika wa kaya da mutane fiye da ƙima don ƙarin kuɗin fito. A irin waɗannan wurare ake gane wanda ya gaskata cewa akwai tashi bayan mutuwa.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya gafarta wa mamatanmu na tudu da na ruwa, Ya sa mu cika da imani. Amin.